Fulogin babur ɗina yana yin baƙi duk bayan kwana uku: ina bakin zaren yake?

ɗan_Mandawari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san inji a cikinku game da babur ɗina, wanda ya hana ni kwanciyar hankali tun shigowar hunturun nan. Honda CG125 ne tsohon yayi, mai kwantak (ƙarafa biyun da ke buɗewa da rufewa su ba fulogi wuta), kuma mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ya hau shi shekaru masu yawa kafin ya dawo hannuna, saboda haka maganar sayar da shi ba ta taso ba. Da shi nake zuwa shago kullum daga Mandawari zuwa Kantin Kwari, tafiya ce gajeriya, rabinta kuma a cikin cunkoso ake yin ta. Cikin mako biyar na sauya fulogi huɗu. Idan na sa sabo, bugu ɗaya yake tashi, amma kafin kwana uku ko huɗu sai ya fara sarƙewa, musamman idan ya ɗauki zafi, daga nan kuma ya ƙi tashi gaba ɗaya. Idan na murɗa totur baƙin hayaƙi ne ke fita ta salansa, kuma wanda ke bayana yakan ce yana jin warin ɗanyen fetur. Man da yake kai ni mako guda a da, yanzu da ƙyar yake kwana huɗu. Duk fulogin da na kwance baƙi ne ƙirin, a bushe, kamar kunkunniyar rufin kicin, in ka shafa sai ya kama maka yatsa. Bakaniken da nake zuwa wurinsa ya ce fulogan yanzu ne ba su da kyau, in ci gaba da sauyawa har in dace. Shin gaskiya ne, ko kuwa akwai wani abu a ciki da ya kamata a duba?

Usta_Fagge:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Ɗana, na fi shekara talatin ina kwance irin wannan inji, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Fulogi shaida ne, abin da ya gani a cikin silinda shi yake faɗa, saboda haka in guda huɗu suka zo da magana iri ɗaya, sai a saurare su. Idan inji yana lafiya, bakin farin tangaran ɗin nan na fulogi launin ƙasa-ƙasa yake yi, kamar shayin da aka zuba wa madara. Idan baƙi ne a bushe kamar yadda ka kwatanta, fetur ya yi wa iska yawa, ko kuma wutar ba ta da ƙarfin cinye shi. Idan baƙi ne mai maiƙo da danƙo, wannan baƙin mai ne ke hawowa, ko ta ringi ko ta bakin bawul, kuma hayaƙinsa shuɗi-shuɗi ne. Idan kuwa fari ne fat kamar alli, fetur ya yi kaɗan, wannan ma ya fi hatsari domin yana iya huda fistin. Naka na farko ne. Kafin in ce komai ina so ka amsa mini abu uku: yaushe rabonka da buɗe akwatin soson iska, kana rufe makunnin mai idan ka ajiye babur da dare, kuma a ina kake barin cok bayan ya tashi?

Bakanike_Kurna:
Ban ƙi ta Baba Usta ba, amma kada mu raina maganar bakaniken can. Jabun fulogi ya cika gari, kwali iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, sai ka saka kafin ka gane. Na taɓa karɓar kwali guda daga wani shago, cikin goma shida suka mutu a makon farko a kan babura daban-daban waɗanda ba su da wata matsala. Ni dai nakan duba rubutun jikinsa ko ya fita tsaf, da zoben ƙarfen gindinsa ko yana zamewa da sauƙi, domin na ƙwarai ba ya fita daga kan zaren sai an sha wahala.

MalaminFasaha:
Malam Bakanike, jabun fulogi yana iya mutuwa da wuri, amma ba zai sa salansa ta yi baƙin hayaƙi daga ranar farko ba, kuma ba zai ninka shan mai irin wannan ba. Bari in ƙara haske a kan abin da Baba Usta ya faɗa, yadda muke koya wa ɗalibai. Domin fetur ya ƙone ƙurmus yana bukatar iska mai nauyin kusan ninki 14.7 na nauyinsa. Idan iskar ta gaza, ragowar fetur ɗin ba ta ɓacewa, gawayi take zama, ta kwanta a kan fistin da bawul da bakin fulogi. Shi kuma gawayi wuta tana bin jikinsa, saboda haka da zarar ya rufe tangaran ɗin, wutar da ya kamata ta yi tsalle a tsakanin ƙarafa biyu sai ta sami hanya mai sauƙi ta gangara ta jikin gawayin zuwa ƙarfen inji ba tare da ta yi tartsatsi ba. Wannan ne ya sa sabo yake aiki kwana uku sannan ya mutu, alhali babu abin da ya karye a cikinsa.

Akwai kuma wani abu da ya shafi irin tafiyar da mai tambaya yake yi. An ƙera fulogi ne domin ya riƙa wanke kansa da zafi, amma sai bakinsa ya kai wajen digiri 450 zuwa 500 kafin gawayin ya fara ƙonewa. Wanda ya tashi daga Mandawari da sanyin safiya, ya shiga cunkoso, yana tafiya yana tsayawa a silo, ya isa Kwari ya kashe, da wuya fulogin ya daɗe a wannan zafi. Idan aka haɗa gajeriyar tafiya da kafireton da ke ba da mai fiye da kima, to an gama magana.

Tsohon_ɗanAcaɓa:
Ni abin da na kama a cikin bayaninsa shi ne kalmar hunturu. Na yi shekara tara ina acaɓa a garin nan kafin a hana a 2013, kuma duk shekara daga Disamba zuwa Fabrairu sai mun yi fama da wannan. Ƙurar hunturu laushi gare ta kamar garin fulawa, tana toshe soson iska cikin 'yan kwanaki, kuma soso in ya toshe daidai yake da ka ja cok ka bar shi. A lokacin sanyi duk Juma'a nake wanke nawa. Ɗan'uwa, tun kafin ka taɓa kafireto ka cire soson, ka zagaya unguwa sau ɗaya ba tare da shi ba, a inda babu ƙura sosai, ka ji ko sarƙewar ta ragu. Gwaji ne kawai na minti biyar, kada ka bar shi haka, domin yashi in ya shiga silinda ringi zai ci.

Ummu_Hanifa:
Ku gafarce ni da sa baki a maganar da ba fagena ba. Ɗana yana da roba-roba da yake zuwa makaranta da shi, kuma bara mun sayi fulogi ya fi biyar kafin kawunsa ya lura cewa yaron yana jan cok da safe saboda sanyi, sai ya tafi abinsa bai mayar da shi ba. Tun da aka nuna masa ba mu sake saye ba. Na faɗa ne domin tambayar Baba Usta ta uku ta tuna mini.

ɗan_Mandawari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Baba Usta, ga amsoshin tambayoyinku. Akwatin soson iska rabona da buɗe shi tun kafin damina. Da na buɗe yau na tarar da soson ya yi nauyi, ya zama kamar taɓo, domin a wancan gyaran an jiƙa shi sharkaf da baƙin mai, ƙura kuma ta zo ta hau kai. Makunnin mai kuwa ban taɓa rufe shi ba, ban ma san ana rufewa ba sai idan za a yi gyara. Kuma yanzu da kuka tambaya na tuna cewa wasu ranakun nakan tarar da ɗan jiƙo a ƙasa daidai ƙarƙashin kafireto, da warin fetur a zaure. Cok ɗin da Hajiya Ummu Hanifa ta ambata na duba, ina mayar da shi, sai dai sandar ta yi sako-sako, da ɗan yatsa ma tana motsi.

Usta_Fagge:
To, ka ga ruwa ba ya tsami banza. Ka kawo abu uku, kowannensu shi kaɗai ya isa ya baƙanta fulogi. Soson nan ka wanke shi da kananzir ko ruwan sabulu, ka bar shi ya bushe sarai, ka ɗiga masa baƙin mai kaɗan ka matse shi a tafin hannu har sai ya daina ɗiga, kada ka murɗe shi kamar wanki domin zai yage. In ya fara marmashewa ka sayi wani. Wanda nasa na takarda ne kuma, ba a wanke shi, ba a sa masa mai, kakkaɓewa ake yi ko a sauya.

Cok ɗin wannan babur faifai ne da ke rufe hanyar iska, kuma sandarsa matsayi uku gare ta. In ta yi sako-sako, girgizar hanya tana iya ɗaga ta zuwa tsakiya kana tafiya ba ka sani ba. Ka cire robar da ta haɗa kafireto da akwatin iska ka leƙa da idonka, ka tabbata faifan yana kwanciya sosai idan ka buɗe.

Amma jiƙon nan na ƙasa shi ya fi ɗaukar hankalina. A cikin kwanon kafireto akwai fulot, wato abin da ke yawo a saman mai, da wata ƙaramar allura mai tsinin roba, aikinsu su tsayar da mai idan kwanon ya cika zuwa iyakarsa. Idan tsinin ya ci har ya yi zobe, ko tsatsar tanki ta maƙale a mazauninsa, ko fulot ɗin ya huje ya sha mai ya yi nauyi, to mai zai wuce iyaka, kuma duk hanyoyin kafireton za su riƙa ba da fiye da abin da aka tsara musu, daga silo har ƙarshen totur. Wanda ya zuba ta bututun ƙasa shi ka gani a zaure, wanda bai zuba ba inji ne ya sha. Ka kwance kwanon, ka girgiza fulot ɗin a kusa da kunnenka ka ji ko akwai ruwa a ciki, ka duba tsinin allurar a hasken rana. Sannan ka zaro ma'aunin baƙin mai ka sansana. In ka ji warin fetur, ko ka ga man ya ƙaru ya tsinke, ka juye shi yau ɗin nan, domin fetur ya gangara ta gefen ringi cikin dare, kuma man da ya tsinke ba ya kare inji.

Mai_Besfa:
Ni shekarata ashirin da Besfa, kuma duk lokacin da fulogi ya dame ni da baƙi sai in sa fulogi mai zafi, shi ke nan. Sannan a rage man 2T da ake haɗawa da fetur, domin yawancin mutane suna zuba shi ne da ka ba tare da awo ba. Ka nemi fulogi mai lamba mafi girma ka gani.

Injiniya_Hotoro:
Alhaji Mai Besfa, da girmamawa, akwai gyara biyu a nan. Na farko, CG125 ba a haɗa masa mai a cikin fetur, injinsa mai bawul ne, baƙin mansa yana ƙasa daban, saboda haka maganar 2T ta shafi Besfa da irin su Jincheng da Suzuki masu hayaƙi ne. Na biyu, a lambobin fulogin kamfanin NGK mafi girman lamba shi ne mafi sanyi, wato 8 ya fi 7 sanyi, ko da yake wasu kamfanonin kamar Champion da Bosch nasu lissafin a juye yake, kuma daga nan ruɗanin yake fitowa. Wanda aka saba sa wa CG125 shi ne D8EA, tazarar bakinsa kuma milimita 0.6 zuwa 0.7. Mai tambaya ya duba abin da ke rubuce a jikin guda huɗun nan, domin in an ba shi mai lamba 9, wannan ma ya taimaka. Sauka zuwa 7 kuwa yana iya ɓoye matsalar a cikin gari, amma ranar da ya hau doguwar hanya a zafin Afrilu bakin fulogin zai iya yin jajir har ya kunna mai kafin lokaci.

Abin da nake so in ƙara shi ne kada mu tattara duka laifin mu ɗora wa kafireto. Iskar sanyi ta fi ta zafi nauyi, saboda haka a ƙa'ida hunturu rage yawan mai yake yi a cikin haɗin, kuma wannan yana goyon bayan masu cewa ƙura ce da cok. Amma babur mai kwantak da ya kai waɗannan shekaru, wutarsa abar tuhuma ce. Kwantak ɗin da ya ƙone, kwandansar da ta gaji, kwayil mai tsagewa, hular fulogin da abin cikinta ya lalace, duk suna ba da wuta mai rauni, kuma baƙin da take bari a fulogi ba shi da bambanci da na yawan mai.

Sabon_Hannu:
To ai gwada wuta ba wuya, ka jingina fulogi a jikin inji ka buga kik, in ka ga tartsatsi shi ke nan. Ko kuma batir ne ya yi sanyi. Mu a garejinmu in fulogi ya yi baƙi sai mu zuba masa fetur mu kunna wuta, mu goge da samfefa, ya koma aiki.

Injiniya_Hotoro:
Ƙanena, wannan gwaji shi ne yake yaudarar kanikawa da yawa. Tsallake tazarar da ba ta kai milimita ɗaya ba a sararin iska abu ne mai sauƙi, amma a cikin silinda, inda fistin ya matse iskar, wutar tana bukatar ƙarfi ninkin-ba-ninkin. Gwajin da ake dogara da shi shi ne a cire hular, a riƙe bakin wayar da abin da wuta ba ta bi, a nisanta shi da jikin inji kamar milimita 6, a buga. Wuta mai lafiya za ta tsallaka, shuɗiya, da ƙara. In ja ce siririya, ko tana yi tana fashi, sai a buɗe murfin maganeto a duba kwantak, wanda tazararsa take milimita 0.3 zuwa 0.4. A yi wannan gwaji nesa da ramin fulogi da duk inda fetur ya zuba. Batir kuwa ba ruwansa a nan, domin tsohon CG125 daga maganeto yake samun wutar fulogi, ko babu batir zai tashi.

Usta_Fagge:
Sabon Hannu, ka daina ƙona fulogi da fetur a buɗe, ko don lafiyarka da ta maƙwabtan garejin. Harshen wutar fetur hayaƙi gare shi, wani baƙin yake ƙarawa, kuma zafin da bai daidaita ba yana iya tsaga tangaran ɗin a inda ido ba ya gani. Samfefa kuma tana barin yashi a cikin lungun, ya faɗa silinda. In dole ne a wanke, ɗan burushi mai laushi da fetur kaɗan sun isa, a busa, a bar shi ya bushe. Wajen mayarwa kuma da yatsu ake fara ɗaurawa har ya zauna, sannan a kawo sifana, sabo a ƙara masa kamar rabin juyi, wanda aka taɓa ɗaurawa kuwa ɗan taɓawa kawai. Kan silindar nan alminiyom ne, na ga zare da yawa da aka cinye saboda gaggawa.

Dillalin_Kaya:
Ni a ganina ana wahalar da bawan Allah ne kawai. Kafireton da ya shekara arba'in ya gama aikinsa. Sabo ɗan China yana nan a kasuwa, kuɗinsa bai kai na fulogi huɗu da man da ya yi asara ba, a ɗaura a huta.

Bakanike_Kurna:
A nan kam ban bi ka ba, Alhaji. Na ɗaura irinsu da yawa, wasu sun zauna lafiya, wasu kuma sun zo da jet, wato ɗan ƙarfen nan mai rami da ke ƙayyade mai, wanda babu lamba a jikinsa, ko wanda aka yi domin inji mai 150, sai mutum ya sayi sabuwar matsala da kuɗinsa. Tsohon na asali, in jikinsa bai ci ba, gyara shi ya fi. Abin da ke kashe su shi ne hannunmu mu kanikawa. Jet tagulla ne mai laushi, kuma duk wanda ya zo wanke kafireto sai ya zura masa wayar burki ko allurar ɗinki, a shekara goma ramin ya buɗe ba wanda ya sani. Mai tambaya ya sa a gwada masa jet ɗinsa da wani sabo mai lamba iri ɗaya, a ɗaga su a haske.

Tsohon_ɗanAcaɓa:
Ba wanda ya yi maganar man kansa. A ina kake shan mai, ɗan'uwa? A zamaninmu man bumburutu da ake haɗawa da kananzir ya kashe mana fulogi ba adadi.

MalaminFasaha:
Gaskiya ne a wancan lokaci, amma yanzu kananzir ya fi fetur tsada, saboda haka mai algus ba shi da riba a wannan haɗin. Abin da ya rage a man galan shi ne datti da ruwa, kuma dattin nan shi ne yake hana allurar fulot zama, kamar yadda Baba Usta ya bayyana. Mu tuna kuma da fetur ɗin da aka shigo da shi ƙasar nan a Fabrairun 2022 mai sinadarin metanol fiye da kima. Metanol yana cin roba, kuma tsinin allurar nan roba ne. Ƙaramar matatar mai ta roba da ake sawa a tsakanin tanki da kafireto ba ta da tsada, kuma tsohon tanki mai tsatsa yana bukatarta.

ɗan_Mandawari:
Assalamu alaikum. Na dawo da bayani bayan kwana tara. Na bi abin da kuka ce ɗaya bayan ɗaya. Na sayi sabon soso domin tsohon ya marmashe a hannuna. An ɗaure sandar cok. Da muka buɗe kwanon kafireto mun sami jan gari na tsatsa a ƙasansa, tsinin allurar kuma ya yi zobe kamar yadda Baba Usta ya faɗa, har farce yana kama shi, saboda haka an sauya ta, an sa matatar mai. Baƙin man inji kuwa warin fetur ne zalla, na juye shi. Fulogan huɗu duka D8EA ne. Yanzu ina rufe makunnin mai kowane dare, kuma jiƙon zaure ya ɗauke. Baƙin hayaƙin ya tafi, shan mai ya ragu ƙwarai, kuma fulogi ɗaya nake kai tun ranar. Sai dai da na kwance shi jiya na ga har yanzu akwai baƙi-baƙi a jikinsa, bai kai na da ba, amma bai zama launin shayin da aka kwatanta ba. Kuma idan na riƙe totur a wajen rabi ina jin yana ɗan burbuɗi, in na ƙara sai ya warware. Wutar kuma mun gwada yadda Injiniya ya ce, tana tsallakawa, amma ni a idona ba shuɗiya ba ce sosai.

Usta_Fagge:
Alhamdu lillahi, an ci rabin hanya. Abin da ka faɗa game da rabin totur ya nuna mana inda za mu duba. Kafireto hanyoyi uku gare shi, kowacce da lokacin aikinta: ƙaramin jet na silo shi ke riƙe da inji daga rufe zuwa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na totur, doguwar allurar da ke rataye a jikin silaid, ƙarfen da totur ke ɗagawa, ita ke mulki daga nan zuwa kashi uku cikin huɗu, babban jet kuma daga nan zuwa ƙarshe. Naka a yankin doguwar allura yake. Shekara da shekaru tana kaɗawa a cikin bututunta na tagulla, ita tana sirancewa, ramin kuma yana zama kamar ƙwai, mai yana wucewa ta gefe. In allurarka mai tsaga-tsaga ce a sama, ka ɗaga ɗan makullin zuwa tsaga ɗaya ta sama, wannan zai saukar da allurar ya rage mai. Mataki ɗaya kawai, sannan ka hau ka ji. In ya gyaru ka san inda ciwon yake, amma maganin gaskiya shi ne a sauya allurar da bututunta tare.

Sabon_Hannu:
Baba, ba sai a ɗaure sukurun iska kawai ba? Mu haka muke rage shan mai.

Usta_Fagge:
Wannan sukuru yankin silo yake taɓawa, ba ya kaiwa rabin totur. Kuma ka fara sanin wane iri ne a gabanka. In yana ɓangaren akwatin iska, iska yake ƙayyadewa, kwance shi ne ke rage mai. In yana ɓangaren inji, mai yake ƙayyadewa, ɗaure shi ne ke ragewa. Da yawa suna juya shi ta inda bai dace ba. Kafin ka taɓa, ka ɗaure shi a hankali har ya zauna kana ƙirga juyin, domin ka san inda za ka koma, kuma inji ya kasance da zafi.

Injiniya_Hotoro:
Ni har yanzu ina kan bakana game da wuta. Ya ce ba shuɗiya ba ce sosai, kuma kwantak da kwandansa ba su kai kuɗin allura da bututu ba, in ma an sami na asali. In aka saukar da allura alhali wutar ce mai rauni, za a rage wa inji mai ba bisa ƙa'ida ba, ya riƙa zafi. A gyara kwantak, a daidaita lokacin wuta, a duba tazarar bawul da inji a sanyaye, sannan a koma kan kafireto.

MalaminFasaha:
Ina ganin kafin a bi Baba Usta ko Injiniya, akwai tambayar da ba a amsa ba: fulogin da ya duba jiya, a wane hali aka kashe injin? In ya dawo daga Kwari ne cikin cunkoson yamma, ya tsaya a ƙofar gida yana silo, to abin da ya gani labarin silo ne da gajeriyar tafiya. Ya kamata ya sa fulogi mai tsabta, ya fita ta Kabuga ya kama hanyar Gwarzo inda babu cunkoso, ya riƙe totur a rabi na wasu mintoci, sannan a wuri mai aminci ya kama kuloci ya kashe makulli lokaci guda ba tare da ya bar shi ya yi silo ba, ya gangara gefe, ya jira inji ya huce kaɗan, ya kwance ya duba. Wannan launin shi ne na yankin allura.

Tsohon_ɗanAcaɓa:
Nawa ma da yake lafiya lau, in na wuni a cikin birni fulogin ba ya yin fes, sai na yi lodi zuwa wajen gari. Mai yiwuwa abin da ya rage ba ciwo ba ne, yanayin hanyarsa ne. Amma burbuɗin nan na rabin totur ban san tafiyar gari tana kawo shi ba.

Bakanike_Kurna:
Ba a gwada jet ɗin da na ce ba, ko an gwada?

ɗan_Mandawari:
Ba a gwada ba tukuna, Malam Bakanike, domin ba mu sami mai lamba iri ɗaya a kusa ba, sai na shiga Sabon Gari. Ranar Lahadi in Allah ya kai mu zan fita hanyar Gwarzo da safe in yi gwajin Malamin Fasaha ba tare da na taɓa allura ko kwantak ba, in ɗauki hoton fulogin a wurin in turo. Baba Usta, na zaro silaid ɗin na duba, allurar tana da tsaga biyar kuma makullin yana ta huɗu daga sama. A nan ya kamata ya kasance, ko wani ne ya taɓa saukar da shi?